Na Sayi Na'urar Karanta Littattafai Amma Raina Bai Kwanta Ba: In Mayar Ko In Riƙe?

"Assalamu alaikum Malam. Kwana tara ke nan da na sayi na'urar karanta littattafai mai allon inci 6, kuma tun ranar farko raina bai kwanta da ita ba. In na juya shafi, wani lokaci allon yakan yi baƙi wuluk kafin rubutu ya fito, wani lokaci kuma sai in hango inuwar shafin da ya wuce. Da daddare ƙasan allon ya fi samansa duhu. An rubuta batir zai yi mako shida, ni kuwa kwana biyar ya yi mini. Takardun karatuna na PDF sun fito mitsi-mitsi, sannan littattafai biyu da na saya a wani wuri sun ƙi buɗuwa. Da sauran kwanaki kafin wa'adin mayarwa ya cika. In mayar, in nemi canji, ko kuwa ni ce ban iya ba?"

Wa'alaikumus salam Malama. Ba rashin iyawa ba ne. Yawancin waɗanda suka saba da karatu a waya sukan yi irin waɗannan koke-koke a makon farko. Sai dai abubuwan da kika lissafa ba jinsi ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su wuri guda shi ke sa mutum ya rasa tudun dafawa. Wasu halin na'urar ne, ko sau goma aka canza miki haka za ki tarar da su. Wasu na iya zama lahani a wannan da ke hannunki ita kaɗai, canji ne maganinsu. Akwai kuma guda ɗaya da ke nuna cewa girman da kika saya bai dace da irin karatunki ba, kuma a ganina shi ne zai raba gardama. Zan bi su yadda nake bi idan ina duba sabuwar na'ura kafin wa'adinta ya ƙare.

Baƙin da allon ke yi, da inuwar shafi

Allon waya fitila ce da ke sake zana hoto sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. Na na'urar karatu ba haka yake ba. A cikinsa akwai miliyoyin 'yan ƙwayoyi, kowace ɗaya faɗinta kamar kaurin silin gashi, cike da ruwa garai-garai. A cikin ruwan akwai farin gari da baƙin gari, kowanne da irin cajin lantarkinsa. In aka tura wuta ta wata fuska, farin ya taso sama baƙin ya nutse. In aka juya ta, baƙin ya taso. Rubutun da kike gani tawada ce ta gaske da ta tashi daga wuri ta koma wani wuri. Da zarar ta zauna kuma tana nan ko da babu wuta, shi ya sa hoton bangon littafi yake tsayawa a allo alhali na'urar tana barci.

To, abin da yake tafiya a cikin ruwa dole ya ɗauki lokaci. Domin juya shafi ya yi sauri, na'urar ba ta motsa duka ƙwayoyin, sai waɗanda suke bukatar canji. A haka wasu 'yan burbushi ba sa komawa mazauninsu sosai, su ne inuwar da kike hangowa. Bayan wasu shafuka, ko a farkon sabon babi, ko a shafi mai hoto, sai na'urar ta mayar da allon gaba ɗaya baƙi sannan fari, ta share komai. Wato baƙin nan shi ne maganin inuwar. Ki shiga saitin karatu, za ki ga wurin da ake zaɓar yawan wannan sharewa. In kika sa ta a kowane shafi, inuwa ta ɓace amma ƙyaftawar baƙi ta yawaita, batir kuma ya ɗan ƙara ci. In kika jinkirta ta, akasin haka. A wuri mai tsananin sanyi kuma duka biyun sukan ƙaru, saboda garin ba ya saurin motsi a cikin ruwan.

Sauya kamfani ba zai fitar da ke daga wannan ba. Fasahar ta samo asali ne daga ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka, aka kafa kamfanin E Ink a 1997, Sony ya fito da Librie a Japan a 2004, Amazon ya fito da Kindle a 2007. Har yau kusan duk na'urorin da ke kasuwa, Kindle ne ko Kobo ko PocketBook ko Boox, allonsu daga kamfani guda yake fitowa, wato E Ink. Sababbi sun fi tsofaffi sauri, amma halin ɗaya ne.

Abin da yake lahani a nan shi ne tabon da bai gushe ba bayan cikakkiyar sharewa: layi siriri da ya ratsa allon, ko wani yanki da ya daskare yana nuna tsohon rubutu komai kika buɗe. Wannan alama ce ta fashewar siririn gilashin da ke can ƙarƙashi, kuma yana iya fashewa ba tare da an ga tsaga a sama ba. Ba ya gyaruwa da saiti. In kin ga haka, ki ɗauki hotonsa yau ki kai ƙara yau, domin in aka ɗau lokaci za a ce a hannunki ya fashe.

Duhun ƙasan allo

Allon da kansa ba ya ba da haske, kamar takarda yake. Hasken dare yana fitowa ne daga wasu 'yan fitilu da aka jera a gefe ɗaya, galibi a ƙasa, sai wani siririn leda mai watsa haske ya shimfiɗa shi a kan shafin. Tunda daga gefe ɗaya yake tasowa, ɗan bambanci tsakanin sama da ƙasa, ko 'yar inuwa a bakin da fitilun suke, abu ne da ake samu a na'urori da yawa, musamman ƙananan da fitilunsu ba su da yawa.

Ga gwajin. Ki buɗe shafin da babu rubutu sosai, ki kashe wutar ɗaki, ki sa haske a rabi. In kika ga ɗigo mai ƙyalli kamar an huda da allura, ko wani yanki ya yi ja-ja wani ya yi kore-kore, ko rabin allon ya bambanta da rabi ƙarara, ki nemi canji. Wannan ƙura ce ko matsalar manne ledar, kuma na'ura ta gaba tana iya fitowa lafiya. In kuwa 'yar inuwa ce kawai, ki cika shafin da rubutu ki yi karatun minti ashirin. Idan idonki ya manta da ita, ki bar ta. Idan har yana komawa wurin, to zai ci gaba da komawa, kuma wannan ya isa dalilin canji. Mutane da yawa kuma suna ƙure hasken kamar na waya, abin da ke fito da kowane aibi fili. Daidai shi ne a sa shi yadda shafin zai yi kama da takardar da ke kusa da shi a ɗakin, da rana kuma a rage shi ƙwarai ko a kashe.

Lissafin mako shida

Nan ne aka fi jin an yi wa mutum rufa-ido, amma lissafi ne. Amazon, alal misali, yana gina makonnin da yake rubutawa a kan karatun rabin awa a rana, intanet a kashe, haske a mataki na 13. Mako shida kwana 42 ne, rabin awa sau 42 kuma awa 21. Mai karatun awa huɗu a rana zai cinye awa 21 cikin kwana biyar da 'yan awoyi. Idan haka karatunki yake, batirinki ya cika alƙawari daidai.

Ban da wannan, makon farko ya fi kowane mako cin wuta. Duk littafin da kika zuba, na'urar tana bin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya tana gina fihirisa domin bincike, tana yi ko da kin rufe ta. In kika zuba ɗaruruwa a lokaci guda, aikin na iya ɗaukar kwanaki. Wani lokaci kuma fayil guda mai matsala yakan maƙale, na'urar ta yi ta kai-komo a kansa batir yana zuba. A Kindle ana gano shi ta hanyar rubuta kalmar da ba ta da ma'ana a wurin bincike; sakamakon zai nuna littattafan da ba a gama yi wa fihirisa ba. Wanda ya kwana biyu a jerin bai fita ba, ki goge shi ki sake zubawa. PDF ma yana cin wuta fiye da littafi na yau da kullum, saboda kowane shafi sai an zana shi kamar hoto, kuma kowace zuƙowa sabon zane ne. Sai marfi mai maganaɗisu wanda bai zauna daidai ba, yana iya tada na'urar a cikin jaka fitila ta yi ta ci.

Ki cika caji, ki kashe intanet, ki cire marfin, ki ajiye ta ta kwana ba ki taɓa ba. Raguwar kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba komai ba ce. In ta zubar da kashi 10 ko fiye dare biyu a jere bayan fihirisa ta kammala, batirin ne ko manhajar. Ki sabunta manhajar ki sake gwadawa sau ɗaya, in bai canza ba ki nemi wata.

Littattafan da suka ƙi buɗuwa

Wannan matsala iri biyu ce, kuma ɗaya mai sauƙi ce. Idan tsarin fayil ne kawai bai dace ba, ana juya shi. Yawancin duniya EPUB take amfani da shi, Kindle kuwa yana da nasa tsarin, amma tun 2022 hanyar aikawa ta Send to Kindle tana karɓar EPUB ta juya shi da kanta. Akwai kuma Calibre, manhaja ce ta kyauta a kwamfuta, tana juya littafi daga wani tsari zuwa wani tana kuma tsara ma'ajiya.

Mai wuyar ita ce kwaɗon da masu sayarwa ke ɗaura wa littafi, wanda ake kira DRM. Littafin da aka kulle da kwaɗon Amazon ba ya buɗuwa a Kobo. Wanda aka kulle da kwaɗon Adobe yana buɗuwa a Kobo da PocketBook amma ba ya buɗuwa a Kindle. Ki duba ƙarshen sunan fayil ɗin: in kika ga acsm, wannan ba littafin ba ne, takardar izini ce, sai an buɗe ta da Adobe Digital Editions sannan littafin ya sauko. Wannan aibi ne na gaske, ba na raina shi. Abin da mutum yake biya izinin karatu ne, ba mallaka irin ta littafin takarda ba. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu. A Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta domin a tura shi ta kebul. Littattafai biyu ba su kai a mayar da na'ura ba, kina iya karanta su a waya ko kwamfuta. Amma in mafi yawan abin da za ki riƙa saya ko ara daga ɗakin karatu yana ɗauke da kwaɗon da na'urarki ba ta buɗewa, kin sayi wadda ba ta gidan ba ce, gara a canza tun yanzu kafin ma'ajiyarki ta yi nauyi a gefe guda.

Tunda muna kan haka, in kin ga haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko akwati ya maye gurbinsu, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da su. Ki sauya salo, ko ki zuba wanda yake da su a jakar fonts ta kebul. Kindle da Kobo duk suna karɓa.

PDF, inda maganar take

Littafin EPUB kamar ruwa yake, yana bin siffar mazubin da aka zuba shi: ki ƙara girman harafi, layuka su sake jeruwa. PDF kuwa shafi ne da aka riga aka daskarar. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Allon inci 6 kuwa kusan santimita 9 ne da 12, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na filin takardar ba. In aka matse shafin gaba ɗaya a ciki, kowane harafi yana komawa ƙasa da rabin girmansa. Rubutun da aka buga da girma 11 sai ya koma ƙasa da 5. Ba laifin idonki ba ne.

Akwai dabaru, kuma ya kamata ki gwada su kafin ki yanke. Ki kwantar da allon a kaikaice, faɗin ya koma santimita 12. Ki yanke fararen gefunan shafin, ko a na'urar in tana da wannan saiti ko a kwamfuta kafin ki tura. Da waɗannan biyun rubutu mai ginshiƙi ɗaya yakan kai kusan kashi uku cikin huɗu na girmansa, ya karantu, sai dai kowane shafi zai rabu kamar gida uku. In PDF ɗin rubutu ne zalla wanda aka fitar daga kwamfuta, juya shi zuwa EPUB yakan yi kyau.

Daga nan dabara ta ƙare. Takarda mai ginshiƙi biyu, mai jadawali, mai lissafi da alamomi, mai bayanai a ƙasan shafi, in aka juya ta sai ta wargaje: layin ginshiƙin hagu ya shige na dama, lambar shafi ta faɗo tsakiyar jimla, jadawali ya zama tarin lambobi. Wanda kuma aka ɗauki hoton shafukansa da na'urar kwafi, babu harafi ko ɗaya a cikinsa da za a sake jerawa, hoto ne kawai. Abin da ya rage shi ne zuƙowa da ja da yatsa, kuma a allon da kowane motsi sai tawada ta tashi ta zauna, wannan wahala ce. Ƙari a kan haka, karatun ɗalibi ba a miƙe yake tafiya ba. Za ki duba zane a shafi na 40, ki koma bayani a na 12, ki leƙa ƙarshen littafi, ki dawo. An ƙera waɗannan ƙananan na'urori ne domin mai farawa daga shafin farko ya bi har ƙarshe, kuma a wannan aikin babu kamarsu: ba nauyi, ana karatu da su a tsakar rana, babu saƙon da zai faɗo ya ɗauke hankali.

Saboda haka ki ɗauki takarda ki rubuta abubuwa goma da kike son karantawa a wata uku masu zuwa, na gaske, ba waɗanda kike fata ba. In bakwai ko fiye labarai ne, tarihi, ko duk wani rubutu mai gudana, ki riƙe na'urar, ki bar PDF ga kwamfuta. In rabi ko fiye takardun karatu ne masu faɗin A4, ki mayar, kada ki ji nauyin kowa. Sabo yana maganin ƙyaftawar allo cikin mako guda ko biyu, amma ba ya ƙara wa allo faɗi. Daga yadda kika ce "takardun karatuna", na fi zaton a kashi na biyu kike, kuma in haka ne shawarata ita ce mayarwa, ba canji ba.

Sai dai a kula kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Mai inci 7 ba za ta warware miki komai ba a PDF, ɗan ƙari ne kawai. Wadda take yi ita ce mai inci 10 da 'yan kai, allonta ya kusa takardar A5, shafin A4 yana fitowa da kimanin kashi 70 cikin ɗari na girmansa. Amma nauyinta kusan giram 400 ne, alhali taki ba ta kai 200 ba, ba ta daɗin riƙewa da hannu ɗaya a kwance, gilashinta kuma ya fi saurin fashewa a jaka saboda faɗinsa. Mai allon launi ma tana da nata aibin. A fasahar allon launi da ake kira Kaleido 3 an ɗora matatar launi ce a kan allon baƙi da fari, don haka shafin ya fi duhu, dole fitila ta riƙa aiki, launin ba ya da kaifi, kuma tsabtarsa ɗigo 150 ne a inci maimakon 300 na baƙi da fari. In karatunki yana da zane-zane masu launi da yawan tsalle tsakanin shafuka, kwamfutar hannu mai faffaɗan allo ta fi dacewa, tare da sanin cewa za ki riƙa caji kusan kullum kuma allonta ba ya ganuwa sosai a cikin hasken rana.

In kin yanke mayarwa

Wa'adin mayarwa dabam, garanti dabam. A cikin wa'adi kina iya cewa ba ta yi miki ba kawai. Bayan ya wuce sai garanti, shi kuma lahanin ƙira kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar fasasshen allo, ba ya ɗaukar "ba ta dace da ni ba", kuma sau da yawa wadda ake bayarwa a madadin gyararriya ce ba sabuwa ba. Wa'adin ya bambanta: Amazon galibi kwana 30 yake bayarwa, dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye ta intanet kwana 14, wasu masu sayarwa kuma ba sa karɓar abin da aka buɗe sai da lahani. Ki duba rasit ɗinki ki ga ranar da ake fara ƙirga, da kuma ko ana nufin ranar da kika sanar ne ko ranar da kayan suka isa gare su. Kwana tara sun riga sun tafi, gwaje-gwajen da na faɗa kuma dare biyu zuwa uku suke bukata, don haka ki fara daren yau.

Kafin ki naɗe ta, ki haɗa ta da kwamfuta ki kwashe fayilolinki da bayanan da kika yi wa alama. A Kindle suna cikin fayil mai suna My Clippings. Ki cire ta daga asusunki, sannan ki goge ta ta koma yadda ta fito daga kamfani. Littattafan da kika saya suna nan a asusunki, za ki iya karanta su a manhajar waya, amma mayar da na'ura ba ya dawo da kuɗinsu. Ki ɗauki hoton allon a kunne, gaba da baya, tare da lambar na'urar. Ki mayar da ita cikin kwalinta na asali da kebul ɗinta, ki sa kwali mai tauri a fuskar allon yadda ba abin da zai danne shi ko ya lanƙwasa shi a hanya, ki kuma adana takardar shaidar aikawa har sai kuɗinki sun shigo.